Usta Zaglul Ba Ya Wuce Gaban Hajji

Jirgin na sojan ruwa ne, amma ma'aikatansa farar hula ne. Ba ya ɗaukar igwa. Gari yake ɗauka, da man girki, da magani, da kayan gyaran inji, ya bi jiragen yaƙi har Bahar Maliya ya sauke musu. Usta Zaglul ne kukunsa (Usta laƙabin gwanin sana'a ne a can). Ranar Asabar jirgin zai tashi daga Iskandariyya, kuma doka ta ce duk wanda bai sabunta takardar horon ceton rai ba, a tudu za a bar shi. Akwai wani kuku da ke jiran gurbin, an ce har ya wasa wuƙaƙensa.

Zaglul bai ɗauki horon a bakin komai ba. Ranar kashe gobara aka cinna wa kaskon mai wuta, ya rufe shi da bargo tun malamin bai gama bayani ba. Ranar tsaron jirgi aka tsayar da shi a gindin tsani, aka turo masa baƙo mai jaka da fara'a. Ya hana shi hawa sai ya nuna shaida, amma ya aika a kawo masa shayi kada ya jira baki a bushe. Kyaftin Bahgat, tsohon sojan ruwan da ke koyar da su, ya ce shayin ba ya cikin darasi, amma Zaglul ya ci gwajin.

Saura tafki.

Atisayen barin jirgi ke nan. Akwai dandamali mai tsayin bene a bakin tafkin makarantar horon, can ƙasa kuma kwalekwalen roba a kife. Da an busa jiniya kowa zai ɗaura rigar ceto, a jeru bisa lamba, mutum ya toshe hanci, ya dubi gaba, ya taka iska. Na farko shi zai juya kwalekwalen, ya hau, ya riƙa jawo saura. Kyaftin ya dubi damatsan Zaglul, waɗanda kwaɓa gurasa ta gina, ya ba shi lamba ta ɗaya. Ta biyu kuwa ta faɗa kan Hajji Mutawalli, shugaban masu aikin igiya da lodi.

Hajjin nan shi ya tsinci Zaglul yana sayar da dafaffen wake a ƙofar tashar jiragen ruwa, ya tsaya masa har ya sami aikin teku. Tun daga ranar Zaglul bai taɓa shiga wata ƙofa gabansa ba. Ko ta ɗakin cin abinci, ko ta motar haya.

Jiniya ta yi kuka. Aka ruga, aka jeru. Zaglul ya isa bakin dandamali, ya leƙa ruwa, sai ya ja gefe ya shimfiɗa hannu.

"Bismillah, Hajji."

"Faɗa, Usta. Lambarka ce."

"Ni? In wuce gabanka? Allah ya kiyaye."

"Ɗan nan, ba ƙofar masallaci ba ce. Ruwa ne."

"Ko aljanna ce. Wallahi ba zan wuce gabanka ba."

"To ni ma wallahi sai ka wuce!"

Daga ƙarshen layi Gabir, mai kula da inji, ya ɗaga murya. "Ku yi shawararku a tsanake, manya. Mu nan baya mun riga mun nutse. In kun gama ku aiko mana da labari lahira."

Kyaftin ya busa usur. Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo.

"Madalla," ya ce. "Jirgi ya tafi ƙasa da mutanensa duka, kowannensu mai ladabi. Kifaye za su yaba tarbiyyarku." Ya juyo kan Zaglul. "Usta, ka san abin da ya sa na ba ka ta ɗaya? Gwiwar Hajji ba za ta hau da shi kwalekwale ba. In ya riga ka sauka, zai yi ta yawo cikin ruwan sanyi yana jiran mai ladabi ya zo ya ɗaga shi."

"Na gane, ranka ya daɗe. Amma na rantse."

"To a sauya musu lamba mana," in ji wani.

"Ba na sauya wa teku lamba," in ji Kyaftin. "Alhamis za a sake. Wanda ya tare layi, ba takarda. Kai nake nufi, Usta."

A hanyar fita Hajji ya kira shi jaki, ya kira shi mai kan tukunya, sannan suka tsaya a ƙofar makaranta kowa na cewa ɗan'uwansa ya wuce, har mai gadi ya buɗe musu ɗaya ɓangaren ƙofar.

Zaglul ya tarar da matarsa Tahiyya, uwar ɗansu Hilmi, tana naɗe shinkafa a ganyen kabeji. Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata, yana jiran ta ce ya yi abin da ɗan halas zai yi. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Wato za mu ci ladabi da safe, mu ci rantsuwa da rana."

"Umm Hilmi, mutumin nan shi ya mai da ni mutum."

"Shi ya mai da kai, kai kuma za ka mai da kanka bakin tasha da tukunyar wake. Miƙo min gishiri." Ya miƙa. "Wai ka ce ba ka taɓa wuce gabansa ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ƙarya kake, Abu Hilmi. Ranar da ya zo cin abincin sunan jikarka, wa ya hau benen nan da gudu yana haki kamar tsohon injin Gabir, ya bar Hajji a ƙasa?"

"Ai wannan daban. Na riga shi ne in buɗe ƙofa, in kawar da takalman yara. Mai gida ba ya barin baƙo ya ƙwanƙwasa."

"To shi wannan abin robar, na waye?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Wanda ya fara shiga, nasa ne," ta ce. "Ka tafi ka share gidanka ka karɓi baƙonka. Kuma ka ɗaga min tukunyar nan, tunda an ce damatsa gare ka."

Ranar Alhamis jiniya ta sake kuka. Aka jeru. Hajji na bayansa yana huci, ya riga ya shirya abin da zai faɗa. Zaglul ya isa bakin dandamali. Ƙafarsa ta so ta ja gefe don kanta, kamar jakin da ya saba da hanya ɗaya. Ya tsayar da ita.

"Hajji, ka ɗan dakata a ƙofa," ya ce. "Gidan a hargitse yake."

Ya toshe hanci ya taka iska.

Faɗuwar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya tashi har ya jiƙa wandon Kyaftin. Zaglul ya ɓullo yana tari, ya yi iyo irin na mai ƙiba zuwa kwalekwalen, ya taka inda aka koya masa, ya kama igiyar, ya kwanta da baya da dukan nauyinsa. Kwalekwalen ya miƙe, ya juyo, ya rufto masa a ka. Ya fito ta ƙarƙashi, ya hau da ciki. Sannan ya durƙusa a bakin shiga, ya share ruwan wurin da tafin hannu, ya ɗaga kai.

"Hajji! Marhaba! Shigo, gida ya yi haske!"

Hajji ya faɗo yana salati. Da ya iso gefen kwalekwalen ya gwada ɗaga gwiwa, gwiwa ta ƙi. Zaglul ya cafki kafaɗun rigar cetonsa, ya danna shi ƙasa kaɗan, ruwa ya turo shi sama, ya fizgo shi ciki kamar buhun gari. Sai a lokacin, da ya ji nauyin tsohon a hannunsa, ya san maganar Kyaftin gaskiya ce. Ya juya wajen na uku, wanda ya riga ya iso.

Gabir ne ya shigo ƙarshe. Ya kwanta a kan ƙafafun mutane ya ce, "Mai gida, ina shayi?"

Kyaftin ya dubi agogonsa, ya dubi wandonsa. "Marhabar ba ta cikin darasi," ya ce. "Kun ci."

Aka yi sowa. Hajji bai yi ba. Yana zaune yana matse gemu, sai da aka lafa ya nuna Zaglul da yatsa.

"Rantsuwata ta cika, don ka wuce. Taka ta karye."

"Haba Hajji, ai mai gida..."

"Mai gida a wajen matarka. Na san ba daga wannan kan tukunyar dabarar ta fito ba. Ka ce wallahi, ka kuma wuce ina kallo. Kaffara ta hau ka. Sai ka ciyar da miskinai."

Zaglul ya dubi mutanen da ke cushe cikin kwalekwalen, a jiƙe, suna rawar sanyi, kowa ya zuba masa ido. Gabir ya riga ya ɗaga hannu.

"Ku ba miskinai ba ne," in ji Zaglul. "Mayunwata ne kawai. Na miskinai zan kai ƙofar tasha gobe bayan Juma'a. Ku kuma ku jira Asabar."

Ranar Asabar, jirgi bai gama fita daga tasha ba ƙamshin soyayyen kifi ya cika shi. Zaglul na tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci da ludayi a hannu, layi ya miƙe har waje, ba wanda ya bari ya shiga, sai da aka je aka nemo Hajji.