Awo Daga Haƙoran Gaba

A ɗakin da ake zura wa mutum kyamara ta baki don a duba bututun abinci, ba wanda ke cewa ciwo yana "can ƙasa-ƙasa". Tiyon kyamarar yana da lambobi a jikinsa kamar tef ɗin tela. In likita ta ga ciwo a allo sai ta tsayar da hannu, nas ta duba lambar da ta yi daidai da haƙoran gaban mara lafiya, ta faɗa. Wannan lambar ita ce adireshin ciwon. Aikin Auta ke nan shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa jin nauyinsa ba sai ranar da aka kwantar da yayanta a kan gadon.

Yaya tela ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, da kekensa na ɗinki ya yi mata makaranta. Mutum ne mai ci da surutu, amma tun bara loma ta fara tsaya masa a ƙirji, har ya koma daga shayi sai ruwa. Dubawar farko ta nuna ƙari a ƙasan bututun, dab da bakin ciki, a lamba talatin da biyar. Likitan tiyata ya ce a sha magani tukuna. In ƙarin ya tsaya inda yake, za a yanke shi. In kuwa ya hauro sama, wuƙa ba ta da sauran amfani.

Da Auta ta yi masa wannan bayani a shagonsa, sai ya saki almakashi ya ce, "Wato in lamba ta ragu, na shiga uku ke nan?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"Ikon Allah. Duk rayuwata mutane na roƙona in rage musu, yau ni ke neman ƙari."

Ranar dubawa ta biyu likitar ta ja Auta gefe. "Ki fita mana, wata ta karɓe ki. Ɗan'uwanki ne fa."

"Ba zai buɗe wa kowa baki ba, Likita. Kin san taurin kansa."

Aka kwantar da shi ta gefen hagu, aka fesa masa magani a maƙogwaro, aka yi masa allura mai sa gyangyaɗi. Auta ta sa masa robar da ake cizawa tsakanin haƙora, ta tallafe kansa da tafin hannu. Wuyan nan da ta sani kakkaura ya zama duk jijiya. Tiyo ya shiga, allo ya nuna jan rami mai santsi yana tafiya, yana tafiya. Ba a yi nisan da zuciyarta ke roƙo ba sai ga abin, fari-fari, mai kumburi, ya tare hanya.

"Ga bakinsa na sama nan," in ji likitar, idonta a kan allo. "Nawa?"

Auta ta sunkuya za ta duba, sai ta ji kan Yaya yana motsi a hannunta. Ba shure-shuren mai jin zafi ba ne. A hankali yake miƙa wuya, yana turo baki gaba, yana bin tiyon kamar mai son haɗiye shi duka. Duk da maganin barcin, telan bai manta lissafinsa ba: in haƙora suka matsa gaba, lamba za ta ƙaru. Ido ɗaya ya buɗe yana kallonta, irin kallon da yake mata tana ƙarama in ya ɓoye mata alewa a aljihu.

Lambar ta matsa, ta kusa talatin. Da za ta sassauta hannu, da ta ƙara matsawa. Amma Auta ta san abin da ke biyo bayan awon ƙarya: a buɗe ƙirjin mutum a banza, a rufe, ya ƙarasa kwanakinsa da ɗinki. Ta danne goshinsa, ta mayar da kan inda yake.

"Ashirin da takwas," ta ce.

Likitar ta ce, "Daga haƙoran gaba, ashirin da takwas, ya zagaye bangon bututun," da muryar da ba ta saba yi ba.

Da maganin ya sake shi, Yaya bai tambayi kowa sakamako ba. A ɗakin hutawa ya sa Auta ta miƙo masa rigarsa, ya laluba aljihu ya zaro tef ɗinsa na awo, wanda lambobinsa suka koɗe.

"Ke dai ba ki da kara," ya ce, muryarsa a dushe. "Ɗan ƙarin da na yi ma sai da kika ƙwace."

"Yaya, ka yafe mini."

"In yafe me? Ni na hana ki ha'incin awo tun kina riƙe mini bakin yadi."

Ya ɗora bakin tef ɗin a haƙorinsa, ya ja shi ta haɓa, ta wuya, zuwa ƙirji. Ya ɗago ya dube ta.

"Zo ki nuna mini, Auta. Ina son in san inda yake."

Ta ƙirga da yatsa, ta tsaya a tsakiyar ƙirjinsa, inda take kwantar da kai tana yarinya in zazzaɓi ya kama ta. Ya dafa hannunta a wurin. Tef ɗin ya zame ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.