Tsayawar Baba Adekunle

Duk Funtuwa babu wanda ya taɓa samun hoton Baba Adekunle mai atamfa. Rowar fuska gare shi kawai: da ya ga mai hoto ya saita shi sai ya juya ƙeya. Haka ya yi shekara da shekaru a rumfarsa ta bakin kasuwa, har ɗansa Tajudeen ya kama shi ta inda bai zata ba.

Tajudeen haifaffen Funtuwa ne, Hausa ta fi Yarbanci zama a bakinsa, kuma gyaran rediyo yake yi. A 1984 ya sayo wata 'yar kwamfuta a Kaduna, ba ta fi faranti girma ba. Da talabijin ake jona ta, abin da aka koya mata kuma a kaset ake ajiyewa, irin kaset ɗin waƙa. In ka saka shi a rikoda ba abin da za ka ji sai ƙara, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da wannan abu ya zana ubansa: ɗan mutum na ɗigo-ɗigo, hula a karkace, lema a hammata, yana ratsa talabijin daga hagu zuwa dama. Aibin zanen ɗaya ne. Da ɗan mutumin ya kai tsakiya sai kwamfutar ta shaƙe, ya tsaya cak, can kuma ya ci gaba. Tajudeen ya yi ya yi ya gyara wannan tsayawa, ta ƙi gyaruwa, kuma ta daɗe tana ba shi haushi.

Baba ya kalla sau ɗaya, ya ce shi ba haka yake sa hula ba, ya fita yana dariya. Bayan rasuwarsa sai matarsa, Iya Adunni, ta mayar da kallon zanen al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci takan jawo kujera gaban talabijin, ta ce a kunna mata mutuminta. Ta kalle shi ya wuce, a sake, ya kuma wucewa, sannan ta tashi ta ɗora girki.

Da daminar 1989 wuta ta dawo da ƙarfi wata rana, 'yar kwamfutar ta yi hayaƙi ta mutu murus. A lokacin Tajudeen ya riga ya yi sabuwa, ƙatuwa mai allonta, wadda yake buga wa dillalan auduga takardu da ita. Sai dai ita faifai take ci. Ba ta da inda za a jona rikoda, kuma ko an jona ba ta jin yaren tsohuwar. Baba na nan cikin kaset, babu mai fito da shi.

Iya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Juma'a ta zo ta jawo kujerarta kamar kullum, ta zauna gaban talabijin a kashe, ta ɗan jima, ta tashi. Abin ya tsaya wa Tajudeen a rai ƙwarai.

Shitu direba ne ya kawo labari cewa ya ga irin kwamfutar a Malumfashi, wurin Ikechukwu mai maganin feshi, wanda ya saya wa 'ya'yansa suka yi yayinta suka watsar. Ikechukwu ya aiko cewa ba ya sayarwa, ba ya ba da aro, amma ƙofarsa a buɗe take. Haka aka naɗe sabuwar kwamfuta cikin bargo, aka cusa ta bayan motar Shitu tsakanin buhunan masara. Tajudeen ya rungume ta tun daga Funtuwa, duk ramin da aka faɗa sai ya yi salati, Shitu kuwa yana tambayarsa ko amarya ce.

A shagon Ikechukwu aka karkaɗe ƙura aka saka kaset. Ya yi kukansa na kyanwa, sai ga Baba ya fito da lemarsa, ya kai tsakiya ya tsaya, ya wuce. Ikechukwu, da ya san tsohon a kasuwa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Tajudeen ya jera injinan biyu, yana karanta umarnin zanen a wancan allo yana bugawa a wannan, layi bayan layi, yana juya shi zuwa yaren sabuwar. Da ya gama, Baba ya ratsa sabon allo sumul, babu shaƙewa babu tsayawa. Daɗi ya kama Tajudeen har ya ƙara wa hular launi ja.

Ranar Juma'a ya kunna wa Iya yana ta washe baki. Ta kalla, ta sa aka sake, ta gyara zama.

"Taju, wannan wane ne?"

Ya ce Baba ne mana, ga hula ga lema, kuma yanzu an rabu da tsayawar nan ta banza. Ya shiga yi mata bayanin yadda tsohuwar kwamfutar ba ta da ƙarfi, shi ya sa take shaƙewa a tsakiya. Iya ta bar shi ya gama bayaninsa tsaf.

"Ni ban san ƙarfin inji ba," in ji ta. "Babanka dai bai taɓa tafiya haka ba. Yana gaba ina baya, ƙafarsa ta fi tawa sauri. In ya yi nisa sai ya tsaya, ba ya waiwaye don kada a ce yana jiran mace. Wannan na cikin akwatinka ba ya jiran kowa."

Kunya da tausayi suka rufe Tajudeen. Ya jawo kujera ya zauna koya wa injin mai tsada yadda ake shaƙewa. Aikin bai da wuya, abin da bai sani ba shi ne tsawon tsayawar. Ya gwada gajeriya, Iya ta ce Baba ya yi gaggawa. Ya tsawaita, ta ce ai ba gurguwa ba ce ita.

Daga ƙarshe ta tashi ta koma bakin ƙofa, ta gyara ɗaurin zane, ta ce ya kunna. Baba ya taho ya tsaya a tsakiya. Iya ta tako a hankali, tafiyarta ta kullum, Tajudeen yana bin sawunta da ido, yatsansa a kan maɓalli. Da ta iso gaban allon ta dafa tebur.

"To, mu je," ta ce.

Tajudeen ya danna, Baba ya ci gaba da tafiya.