Inuwa a Falon Madam Terbeek

"Ɗauke kofin nan! Kai, wa ya bar silifas a ƙarƙashin tebur?"

Tun takwas na safe Joris ke ta hayaniya a falon Madam Terbeek, yana kwashe duk abin da zai nuna cewa mutane na kwana a gidan. Shi ya tsara adon gidan daga ƙasa har sama, hawa huɗu a bakin ruwa a tsakiyar Amsterdam, yau kuma ake ɗaukar hotunan da za su shiga mujalla. Femke, wadda ta shekara tara tana ɗaukar masa hoto, ta kafa kyamararta, ta kashe fitilu duka, tana jiran hasken taga ya sauko kan farar kujerar nan da aka hana kowa zama a kai.

Batirinta ya yi ƙasa, ta shiga kicin neman wurin caji. Tana dafa bangon katako, sai bangon ya buɗe. Ashe ƙofa ce, Joris ya ɓoye ta da gwaninta har ba a ganin layinta. A ciki akwai katifa, akwati ɗaya, da hoton yara biyu manne da bango. Babu taga. Mai aikin gidan, wata 'yar Filifin mai furfura a goshi, tana tsaye tana cin busasshen burodi.

"Baiwar Allah, a nan kike kwana?"

"Shekara shida." Ta leƙa kicin, ta rage murya. "Sunana Dalisay. Madam ta ce in an tambaya, babu ni. Fasfona yana hannunta. Ranar da aka aike ni kasuwa na saci jiki na ga wata lauya, ta ce sai na kawo shaidar cewa a gidan nan nake aiki. Wace shaida? Ko waya ba a bar mini ba."

Femke ta koma falo. Ta ja Joris gefe ta faɗa masa. Ko ɗago kai bai yi ba daga matashin kujerar da yake gyarawa.

"Ni sito na zana, Femke. Abin da suka ajiye a ciki ba ruwana. Haske zai wuce, mu yi aiki."

* * *

Da hantsi Joris ya duba hoton farko ya yamutsa fuska. "Ɗakin ya mutu. Muna buƙatar inuwa."

Dabara ce da duk masu wannan sana'a suka sani. A bar idon kyamara a buɗe sakan huɗu, a sa wani ya gifta. Duk abin da ke tsaye zai fito tas, mai tafiya kuwa sai ya zama kamar hayaƙi. Masu mujalla na mutuwar son haka, wai ɗaki ya samu rai ba tare da fuskar kowa ta ɓata shi ba.

Joris ya yafito Dalisay. "Ke, zo nan. Riƙe tiren nan, ki bi ta gaban murhun ɗumama ɗaki ki wuce. Kar ki tsaya."

Dalisay ta gifta sau ɗaya, ta gifta sau biyu. Sai ta matso ta leƙa allon kyamarar. Kujeru sun fito, furanni sun fito, babban zanen fuskar Madam da ke saman murhu ya fito har ƙwayar ido. A tsakiya kuwa sai wani shuɗin hazo.

"Ni ce wannan?"

"Ke ce," in ji Femke, kunya ta kama ta. Sau nawa ta yi wa mutane haka a gidajen garin nan, ba ta taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba? Ta ƙara da cewa a hankali, "Mai motsi ne yake ɓacewa. Wanda ya tsaya cak, fitowa yake."

A karo na uku Dalisay ta taho da tirenta, ta iso daidai ƙarƙashin zanen Madam, ta tsaya. Ta juyo ta zuba wa kyamara ido, ko ƙiftawa babu. Femke ta ga ta tsaya sarai, ta danna maɓallin kyamara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Meye wannan? Na ce ki wuce!" Joris ya leƙa allo, fuskarsa ta yi ja. Ya ce wa Femke, "Goge shi."

"Ba zan goge ba."

"Kin haukace? Wa zai sake ba ki aiki a garin nan in na buɗe baki? Shekararki hamsin da biyu, gwiwarki ma ba ta hawa bene!"

Gaskiya ya faɗa. Amma Femke ta zare katin ajiyar hotuna daga kyamara ta cusa a aljihun wandonta.

Madam Terbeek ta sauko jin hayaniya, da kofin kofi a hannu. "Dalisay, koma ciki."

Dalisay ta ajiye tiren. Ta kwance shuɗin ƙyallen aikin da ke ɗaure a ƙugunta, ta jefa shi kan farar kujera.

"Fasfona, Madam, lauya za ta zo karɓa."

Ba ta bi ta ƙaramar ƙofar ƙasa da ta saba bi ba. Ta babbar ƙofa ta fita, da akwatinta a hannu, Femke na biye da ita tana ɗingishi da kayan aiki a kafaɗa.

* * *

Hoton ya yi aikinsa a wurin lauya, Dalisay ta karɓi fasfonta. Wayar Femke kuwa ta yi tsit. Yanzu hotunan bikin aure take ɗauka a ƙauyuka, kuma duk wanda ya tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce ya je ya tambayi Joris.

Bayan wata biyar tana zaune a wurin likitan haƙori, ta ɗauki wata mujalla daga tebur. Ga falon Madam Terbeek shafi biyu, da sunan wani mai hoto a gefe. Farar kujera na nan, furanni na nan. A gaban murhu wata shuɗiyar inuwa tana giftawa da tire, ta fi Dalisay gajarta.

Femke ta kawo shafin dab da idonta, ta karkata shi wajen haske. Ba ta ga fuska ba.