Gansakukar Kaɗanyar Onklou

Mounira ɗaliba ce a jami'a a Parakou. Aikinta na shekarar ƙarshe shi ne taswirar gansakukar nan mai launin toka da ke manne wa bawon itace, wadda ba ta rayuwa inda hayaƙi ya yi yawa. Duk itacen da ta same ta a jikinsa, sai ta ɗauki hotonsa da waya, wayar ta ɗiga alama a kan taswira. Daga Tourou, kusa da Parakou, ta faro, har ta iso gidansu a Djougou.

Baffanta Sabiou, mai sayar da goro, shi ya kai ta ƙauyen Onklou a moto, wato babur. Tana ɗaga waya gaban wata kaɗanya, sai wata dattijuwa mai tsintar kaɗe ta sha gabanta. Hadjo ake ce mata.

"Sauke abin nan! Bara ma haka wasu suka zo da waya suna aune-aune. Kafin damina an sare kaɗanyun can gaba ɗaya."

"Inna, ni ba itacen nake so ba, abin da ke jikinsa nake dubawa."

"Su ma bakinsu da daɗi."

Sabiou ya tada moto. "Mounira, taho mu koma. Itace bai ƙare a Djougou ba."

"Baffa, nan ne nesa da babbar hanya. In ban samu nan ba, da me zan gwada sauran?"

Washegari ta dawo ita kaɗai a taksi. Wayar na cikin jaka. Ta gaida Hadjo, ta duƙa tana tsintar kaɗe tana zuba mata a kwarya. Hadjo ta ci gaba da tsintarta. Haka Mounira ta yi ta zuwa, bayanta na ciwo, ranar miƙa aiki na matsowa.

Wata safiya Hadjo ta ce, "To, nuna mini."

Mounira ta buɗe taswirar. A bakin titin manyan motoci ɗigon jefi-jefi ne, wani wurin ma babu. Ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, duk bawon itace.

"Ba fuskar kowa? Ba iyakar gona?"

"Babu, Inna."

Hadjo ta nuna kaɗanyar da ke gabansu. "Ki fara da wannan. Ina tsaye."

Mounira ta matsa. Gansakuka ta lulluɓe kututturen har sama, irin da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗauki hoto, ya fito dishi-dishi. Ta goge idon wayar da gefen mayafi, ta sake ɗauka.