Zafin da ya taso wa Goggo wurin wankan gawa

Goggona mai wankan gawar mata ce. A aikinsu, duk abin da suka gani a jikin mamaciya ba sa faɗa wa kowa.

Ranar da aminiyarta mai ɗinki ta rasu, Goggo ce ta wanke ta, ita da wata tsohuwa da ake ce wa Kakar Kowa. Goggo na cikin zuba ruwa a kafaɗar gawar ta dama sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, kamar an buɗe murhu. Gumi ya jiƙe mata hijabi, alhali ruwan da sanyinsa. Sai ta ɗauka daga gawar zafin yake fitowa, azabar marigayiyar ce aka nuna mata.

Da suka fito, ɗiyar marigayiya ta riƙo hannunta. "Goggo, yaya kika ga Mamana?"

Goggo ta zare hannunta ta wuce.

Daga nan abinci ya fita ranta. Zafin yakan dawo mata a kan sallaya, ta yi ta kuka cikin sujada tana nema wa aminiyarta sauƙi. Ni nake wanke mata kaya, ina gani, ban iya tambaya ba.

Rannan Kakar Kowa ta shigo. "Ke, an yi rasuwa a layin baya kin ƙi fitowa. Da girmanki kika fara tsoron gawa?"

"Zafi nake ji, Kaka. Sai ya taso min kamar wuta."

"Yaushe rabonki da al'ada?"

"An jima."

Tsohuwa ta kwashe da dariya. "Haihuwa ce take miki bankwana, yarinya. Ni lokacin nawa firji nake buɗewa in tsaya a gabansa."

Goggo ba ta yi dariya ba. "Ashe ba daga jikinta ba ne?"

"Jikin wa?" Kaka ta tsaya cak. "Innalillahi, mai ɗinkin kike nufi? Me kika ce wa 'yarta?"

"Ban ce komai ba."

"Ai kin gama faɗa."

Lokacin ɗiyar ta riga ta koma gidan mijinta, can nesa. Ni na danna wa Goggo lambar. Da aka ɗauka Goggo ta ce, "Fuskar Mamanki fes take, 'yata. Wallahi fes."

Muka ji ɗiyar ta ce, "Na gode, Goggo. Amma da haka ne, da tun ranar kin faɗa min." Ta kashe wayar.