Rumbu Ɗaya na Jonatan

A shekarar 1999 wani likitan asibitin mishan da ke kusa da Madawa zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Jonatan, mai gyaran kuran, wato lantarki, na asibitin, tarkacen ordinatar, wato kwamfuta. Jonatan ya kwashe su zuwa gida ya harhaɗa inji guda, da niyyar tara waƙoƙin coci a ciki, ya ja waya har ɗakin fasto. Diski ne kawai likitan ya ce ya zaɓa, ko babba ɗaya, ko ƙanana biyu da zai riƙa kwafar abu a kowanne. Jonatan mutum ne mai son babban abu, ko takalmi sai ya fi ƙafarsa. Ya ɗauki babba.

Abin da ya fara zubawa ciki shi ne kaset-kaset na marigayi Malam Ɗantala, mai bishara, mahaifin matarsa Susana. Muryar tsohon ba ta ko'ina sai a kaset-kaset ɗin nan. Ya yi wa Susana kuri, ya ce baba ya shiga rumbun da gara ba ta ci.

Wata ranar Asabar da hantsi injin ya fara ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Waƙar da ya sa ta tsaya a tsakiyar baiti. Jonatan ya kashe ya kunna, ƙarar ta dawo. Tsoro ya kama shi sosai. Ya san wannan ƙara, kuma bai taɓa ganin diskin da ya yi ta ya tashi ba.

Ya leƙa madafa yana ƙoƙarin daidaita murya. "Susana, ina kaset ɗin baba?"

"Na ba Goggo Jima," ta ce tana tankaɗe. "Za ta aika ma ɗanta gaisuwa Abijan. Ba kai ka ce sun shiga rumbu ba? Mi ya hwaru?"

Ya fita da sauri. Haka ake yi a nan ƙasar Adar, mai ɗa a cin rani ta sami tsohon kaset ta ɗora maganarta a kai, direba ya kai. Goggo Jima, maƙwabciyarsu, ta riga ta rarraba wa matan unguwa, kuma mota ta tafi da su tun ranar kasuwa. Ɗaya ya rage, nata, don ba ta gama faɗa ba.

Ya dawo ya sa shi a rediyo, Susana na tsaye a bakin ƙofa da gari a hannu. Goggo ta yi ta lissafa wa ɗanta ciwon gwiwa da akuyar da ta ɓata. Jonatan na roƙon Allah a zuci ta yi shiru. Da ta yi shirun, sai ga muryar Malam Ɗantala ta fito sarai, ya ja rabin baiti, ya ce amin, kaset ya ƙare.

Susana ta dubi injin da ke ta ƙas, ƙas, ta dubi mijinta.

"Maido shi baya kaɗan," ta ce. "A hankali, kar ya tsinke."