Mai Rediyo da Itacen Ɓaure

Likita ya ja Auta gefe ya gaya mata ta mai da mahaifinta gida, hantarsa ta gama aiki. Ta mai da shi. Abin da ya gagare ta shi ne ta sa shi ya yarda cewa zai mutu.

Mahaifin nata mai gyaran rediyo ne, kuma dattijo a coci. An haife shi a shekarar da Isra'ila ta zama ƙasa, ya kuwa riƙe wannan kamar takardar gado. A karatunsa, itacen ɓauren da Almasihu ya yi misali da shi Isra'ila ce, ranar da ta tofo aka fara ƙirga, kuma tsarar da ta ga tofon ba za ta ƙare ba sai Ubangiji ya dawo. Shi ɗan wannan tsarar ne. Saboda haka bai taɓa shirin kabari ba, gajimaren da Ubangiji zai dawo a cikinsa yake jira. Ko ƙusa bai kafa da niyyar ta daɗe ba.

Yanzu yana kwance a ɗakin da ke bayan shagonsa, cikin warin dalma da tsofaffin batura, rediyoyin da masu su suka manta jere a kan kanta. Ɗaya na kusa da kunnensa tana kawo labarin yaƙi.

"Kin ji ko?" ya ce. "Sun kewaye Isra'ila. Saura ƙiris."

Amma da ya ɗauka ta fita, sai ta ji shi yana tambayar rufin ɗaki ko dai an manta da shi ne. Wannan ya tsinka mata zuciya. Ba ta so ubanta ya mutu yana ganin Allah ya yaudare shi. Sai ta rufe keken ɗinkinta ta tafi wurin Baffa.

Baffa ƙanen mahaifinta ne, fasto a wata cocin. Kan maganar Isra'ila suka rabu tun tana goye, har kowa ya ja nasa mutanen. Ta roƙe shi a bakin ƙofa.

"Baffa, addu'a kawai. Don Allah kada a taɓo Isra'ila."

"Haba 'yata, ni yaro ne?"

Ya shigo da rana tsaka, ya zauna a kan kujerar masu kawo gyara. Sun gaisa lafiya lau. Har Baffa ya buɗe baki zai fara addu'a, majinyacin ya nuna rediyo da haɓa.

"Har yanzu kana koya wa mutane cewa coci ce Isra'ila?"

Hali zanen dutse. Baffa ya rufe idon da ya fara lumshewa, ya sake buɗe shi da wata irin walƙiya.

"Yaya, alkawarin na masu bangaskiya ne, Bayahude da wanda ba Bayahude ba. Itace ɗaya ne, aka ɗaura mu a jikinsa. Ba maganar kan iyaka da tankar yaƙi ba ce."

"Allah ba ya sakin aure," in ji tsohon, muryarsa ta dawo kamar ba shi ba. "Ya rantse wa mutane da sunansu, ya ambaci ƙasa da duwatsunta. In ya canja su da ku, me zai hana gobe ya canja ku da wasu?"

"Ban ce ya yar da su ba."

"Ai ka faɗa, da ladabi dai."

Auta na tsaye da kofin ruwa, ba wanda ya dube ta. Aya ta bi aya, annabi ya bi annabi. Abin haushin, ta ga ubanta ya fi kowane lokaci rai, har ya ɗaga kai daga matashi. Baffa kuwa ya fara shan kaye, kuma mutum ne da bai iya faɗuwa ba. Sai ya ajiye Littafi Mai Tsarki a cinya.

"To Yaya, ina tsarar taka? Sa'anka mai gyaran keke ni na binne shi. Malamin waƙa ni na binne shi. Matarka kai ka riƙe kan akwatinta. Dubi idonka a madubi, ya yi ɗorawa. Likita bai ba ka wata guda ba. Yarinyar nan ta sani, tsoronka take ji."

Tsohon ya juyo ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai tana kallon kofin da ke hannunta.

Baffa ya yi addu'arsa, doguwa, mai kyau, babu wanda ya ce amin. Da zai fita ya raɗa mata cewa gaskiya ɗaci gare ta amma magani ce. Ba ta raka shi ba. A ranta ta ce garin neman gira ta rasa ido, kuma ita ta je har gida ta kira mai tsone idon.

Ta dawo ta ƙara muryar rediyon.

"Baba, ji, an ce wasu ƙasashen ma sun shiga. Kamar yadda ka faɗa."

Ya saurara. Ana maganar wani gini da ya rufta kan mutane, ana tono yara.

"Kashe," ya ce. "Mutane ne kawai ake kashewa."

Ta kashe. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya kwanta yana kallon hannuwansa, waɗanda dalma ta ƙona shekara da shekaru. Ya yi wa'azi a jana'izar mutane da yawa, koyaushe da tausayin wanda ya san shi ba hanyarsa ba ce. Yanzu numfashinsa ya gajarce, goshinsa ya jiƙe, ta gane tsoro ne tsagwaronsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Da kika zauna da mahaifiyarki a ƙarshe, me ta yi? Ta yi magana, ko shiru ake yi?"

"Ban sani ba, Baba. Kamar barci ta yi."

Ya lalubo hannunta ya damƙe har ya yi mata zafi.

"Kada ki fita," ya ce. "Ban san yadda ake yi ba."